Littafin Mal-sun

A Busan, can bakin teku,
inda jirage ke kuka tun kafin gari ya waye,
kakata Mal-sun ta shekara arba'in
tana feɗe kifi a kasuwar Jagalchi.
Gishiri da ƙanƙara sun tsattsaga mata tafin hannu,
amma alƙalaminta bai taɓa rawa ba.

Ni kuwa Tae-ung, ɗan babur mai kai abinci gida-gida,
albashina kan shigo ranar goma ga wata,
ranar ashirin in laluba aljihu in ji wayam.
Ba na caca, ba na zaman mashaya.
To ina suke bi? Ni dai ban sani ba.

Ran da na je rancen kuɗin haya, karo na uku,
ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye wuƙa,
ta miƙo min littafi mai ƙarnin kifi, ta ce:
"Wata guda. Ko won ɗari ka kashe, rubuta.
Ka dawo da shi, sai mu yi zancen bashi."

Na rubuta, ina ƙunƙuni.
Kofi da safe, won dubu huɗu da ɗari biyar.
Kofi da rana, wai don sanyi.
Soyayyar kaza da tsakar dare.
Takalmi na uku, don kawai an karya farashi.
Wasu 'yan kuɗi da waya ke yanka duk wata,
na manta ma ranar da na ce na yarda.
Kati ba shi da nauyi, nan gizo ke saƙa:
ka goga shi, na'ura ta yi ɗan tsuwwa,
gumin awa biyu ya fita ba ko sallama.

Ƙarshen wata ta ɗora tabarau, ta bi layi da farce,
sannan ta nuna min ƙanƙarar da ke ƙarƙashin kifinta.
"Da asuba dutse ce. Dube ta yanzu.
Wa ya sace ta? Babu. Ɗiga ta yi ta yi."

Ta ce: "Akwai wani tsoho yana jiranka a gaba,
sunanku ɗaya, gwiwarsa ba ta hawa babur.
Kafin mai kofi, kafin mai takalmi,
fara cire masa nasa, kada ya kwana da yunwa.
Abin da ido ya ƙyalla kuma, bar shi ya kwana uku a kanti.
In ka koma yana kiranka, saya.
Yawancinsu bebaye ne washegari."

Ba zan ce na shiryu nan take ba.
Wata na huɗu na sayo sabuwar waya,
na rubuta ta da ƙananan baƙaƙe don kunya.
Ta gani. Ta yi dariya, ta juya shafi.

Shekara shida ke nan.
Babura uku, da ɗan shago a gangaren Yeongdo,
ba na bin kowa da ido ranar ashirin ga wata.

Bara da hunturu ta rasu.
A ƙasan gadonta muka tarar da littattafai arba'in da ɗaya,
ɗaure da igiyar fatsa.
Ga kuɗin rumfa, ga na ɗakin da ta saya a kan tudu,
ga kuɗin makarantar babana, kashi-kashi.
Sai wani layi da ke dawowa kowace Asabar,
tun tana budurwa har hannunta ya tsufa:
"Waina mai jan wake, guda ɗaya. Don raina."

Ashe ba rowa ta koya min ba.

Yau Asabar. Na tsaya wurin mai waina,
na ci tawa da zafinta, ina kallon teku,
na lashe yatsa,
na ciro littafi, na rubuta.